Ɗinkin yaro da na kyanwa a gida ɗaya: me za a yi, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara tara ya faɗo daga keke, langalanga ya yanke shi a ƙwauri, ƙasa da gwiwa kaɗan. An yi masa ɗinki shida a asibiti, yau kwana uku. Kakarsa ta ce a riƙa gasa wurin da ruwan zafi safe da yamma, a fasa kafso a barbaɗa, kuma ta hana shi cin ƙwai da gyaɗa wai suna kawo mugunya. Ga kuma kyanwarmu, wayar katanga ta yage ta a gefen ciki, likitan dabbobi ya ɗinke, amma ba ta da aiki sai lasar wurin. Zan iya ba ta rabin farasitamol? Yaushe ake cire zaren, kuma zan iya cirewa da kaina? Daga wata uwa a Unguwar Sanusi, Kaduna.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba su lafiya. Bari in fara da wanda ba ya jira: kada ki ba kyanwar nan farasitamol, ko rabi, ko kwata. Dalilin yana nan tafe a ƙasa. In kuwa kin riga kin ba ta, ajiye karatun nan ki kai ta wurin likitan da ya ɗinke ta yanzu.

To, mu dawo kan yaron. Zare ba ya warkar da ciwo. Aikinsa ɗaya ne, ya riƙe bakin fata biyu a haɗe har jiki ya saƙa nasa naman da zai manne su. Cikin awa 24 zuwa 48 na farko wata sabuwar fata siririya, wadda ido ba ya iya gani, takan rufe layin ɗinkin, shi ya sa ake cewa kada ruwa ya taɓa wurin a kwana biyun farko. Daga nan zuwa kwana na huɗu ko na biyar za ki ga wurin ya ɗan tasa, da ɗumi, yana zafi in an taɓa, wani lokaci har ya ɗan jiƙa bandeji da ruwa tsararo mai launin rawaya-rawaya. Wannan ba ruɓewa ba ce, jiki ne ya turo jini da ƙwayoyin kariya suna share wurin. Saƙar naman da ke ƙasa ita ce mai jinkiri. Mako ɗaya bayan ɗinki ƙarfin wurin bai wuce kashi 10 cikin 100 na lafiyayyar fata ba, a mako na uku yana wajen kashi 20, sai an kai wata uku yake kaiwa wajen kashi 80, kuma a nan yake tsayawa. Kamar daɓen siminti ne, sama ta bushe tun washegari, amma a ɗora masa kaya ya tsage. Ki faɗa wa yaron tun yanzu cewa ranar cire zare ba ita ce ranar komawa filin ƙwallo ba.

Maganar gashi kuwa, Hajiya ba daga sama ta ɗauko ta ba. Gashi da ruwan ɗumi yana da amfani ga maruru da ake so ya nuna, da ciwon jiki na gajiya. A kan ɗinki ne dai ba wurinsa ba. Ruwan zafi yana ƙara kumburi, kuma kumburi yana ɗame zaren har ya fara nutsewa cikin nama. Yana jiƙa fatar ta yi laushi, zaren ya yanka ta ya fita. Ga sabuwar fatar nan da ba ta jure zafi, ga danna wurin da ake yi da ƙarfi, ga tsumman da aka yi gashin da shi jiya aka shanya a igiya ƙuda na sauka a kai. Yawancin ɗinkin da ke dawo mana asibiti a buɗe ba rashin kulawa ya buɗe su ba, kulawar ce ta yi yawa, garin neman gira aka rasa ido. Haka muke fama da masu jego da aka yi wa tiyata ko aka yi wa ƙari aka ɗinke: ruwa mai ɗumi da tsafta babu laifi, amma tafasasshen ruwan da ake fyaɗawa da ganye bai kamata ya je kusa da ɗinki ba.

Kafso ma a bar shi. Garin kafso irin Ampiclox an yi shi ne don a haɗiye, ya bi jini ya isa inda ake so. In an barbaɗa shi a ciwo dunƙulewa yake yi da ruwan wurin ya zama ɓawo mai tauri, mugunya ta taru a ƙarƙashinsa ba a gani, kuma hanya ce ta sa jikin yaro ya fara ƙin maganin nan gaba, ko ƙwayoyin cuta su saba da shi. Sifirit da haidurojin da Dettol da ba a sirka ba suna kashe ƙwayoyin cuta, gaskiya ne, amma tare suke kashewa da sabon naman da ake jira ya tsiro. Wannan kumfar da haidurojin ke yi, wadda ke sa mutane jin cewa magani na aiki, ba alamar warkewa ba ce. Makilin, baƙin mai, man birki, toka, garin gawayi, duk ba su da hurumi. Kashin shanu kuwa shi ne mafi muni, don ƙwayar tetanus, cutar nan mai riƙe muƙamuƙi da sandarar da jiki, a cikinsa take zaune. Zuma ce kaɗai zan yi wa adalci: tana da amfani a buɗaɗɗen miki da ƙuna, kuma ana amfani da ita a asibitoci. Sai dai ɗinki mai tsafta da bakinsa ke haɗe ba ya bukatarta, balle zumar bakin titi da aka dama da sukari.

Abin da za ki yi kaɗan ne. Ki tafasa ruwa rabin lita, kwatankwacin ledar fiyawata guda, ki zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba mai tozo ba, ki bari ya huce sarai. Wannan ya yi kusa da ruwan gishirin asibiti, mai giram 9 na gishiri a kowace lita, kuma ba ya raɗaɗi. Kullum a haɗa sabo. Ki wanke hannu da sabulu har tsakanin yatsu, sannan ki ɗaga tsohon bandejin a hankali. In ya manne kada ki fizga, ki jiƙa shi da ruwan gishirin ki jira mintuna kaɗan, zai saki da kansa. Ki sa goz, wato ƙyallen nan mai raga-raga na share ciwo, ba auduga ba, don auduga tana barin gashinta a ƙullin zare. Shafa ɗaya a bi layin ɗinkin daga sama zuwa ƙasa, a yar da wannan goz ɗin, a ɗauki wani a share gefe ana yin waje da dattin, ba ana jawo shi kan ɗinkin ba. Ki busar ta hanyar ɗan dannawa, ban da gurzawa. Sai ki shafa baselin siriri daga sabuwar kwalba, ki rufe da sabon goz da filasta. Sau ɗaya a rana ya isa, sai fa in ya jiƙe ko ya yi datti.

Na san za a ce miki a bar ciwo ya sha iska ya bushe. Tun 1962 wani masani a Ingila mai suna George Winter ya nuna cewa raunin da aka rufe ya zauna da 'yar danshi ya fi wanda aka bari ya yi ɓawo saurin yin sabuwar fata, kuma aikin jinyar rauni na yau a kan haka ya ginu. Babban mutum mai ɗinki a inda tufa ke rufewa zai iya barinsa ba bandeji bayan kwana biyu. Amma yaro ɗan shekara tara, ciwo a ƙwauri, a garin da ƙura ke tashi da hunturu, ƙuda da caɓi da damina, ni dai rufewa nake zaɓa har a cire zaren.

Tunda an wuce kwana biyu, zai iya wanka da bokiti, ruwa da kumfar sabulu su bi ta kai su wuce, ban da soso a wurin, ban da tsoma ƙafa a baho, ban da rafi. Ana gamawa a busar a sake bandeji. In yana zaune ko kwance a ɗora ƙafar kan filo, domin ƙwauri wuri ne mai ƙarancin tsoka, fatar a ɗame take kan ƙashi, kuma kumburi yana daɗewa bai sauka ba. Durƙuso da tsuguno suna jan fatar ƙasan gwiwa, saboda haka a kwanakin nan ya yi salla a zaune da ƙafar a miƙe. Alwala ba ta kai wurin ba, babu matsala. Wanda nasa ɗinkin yake a hannu ko fuska ko tafin ƙafa, malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji, ba sai ya kwance ba.

Inda nake so ki sa ido sosai shi ne daga yau zuwa kwana na bakwai, don a nan ne ciwon da zai ruɓe yake nuna kansa. Littattafai suna cewa a duba ja, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sau da yawa wurin duhu yake ƙarawa, ya yi sheƙi, ya ɗame. Hannunki ya fi idonki amfani a nan. Ki ɗora bayan hannu a gefen ɗinkin, sannan ki ɗora a daidai wurin a ɗaya ƙafar, ki ji bambancin ɗumi. Ki sa biro ki zagaye iyakar kumburin a kan fata, gobe ki duba ko ya tsallake layin. Ki ɗauki hoto da waya kullum a haske iri ɗaya, wannan yana taimaka mana ƙwarai in kin zo. Ki tambaye shi zafin, domin ciwon da ke warkewa kullum sauƙi yake ƙarawa. In zafi ya ragu sannan ya dawo, ko ya koma zogi mai hana barci, ko kin ga mugunya mai kauri, ko kin ji wari, ko kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ko zafin jikinsa ya kai awo 38 a ma'aunin zafi, ku koma asibiti a ranar. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a saya masa magani a kemis a zauna. Kuma in kun je ma'aikaciyar jinya ta cire zare ɗaya ko biyu kafin lokaci, kada ranki ya ɓaci: mugunyar da ke kulle sai an ba ta hanya, ƙwayar magani ita kaɗai ba ta fitar da ita. In ɗinkin ya buɗe da kansa, ki rufe da goz mai tsafta ku tafi. Sau da yawa ba a sake ɗinkewa, barinsa ake yi ya ciko daga ƙasa ana wankewa.

Akwai abin da ba ki ambata ba, kuma ya fi kafso da gashi muhimmanci: an yi masa allurar tetanus? Ba tsatsar langalanga ce ke kawo cutar ba, ƙwayar tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, ƙarfen da ke yashe a ƙasa kai ta kawai yake yi cikin nama. Ki duba katin rigakafinsa. Allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14 tana ɗauke da rigakafin tetanus, amma ƙarfinta yana raguwa da shekaru, kuma ƙa'ida ita ce rauni mai datti in an wuce shekara biyar da allurar ƙarshe a sake wata. Wanda bai taɓa yin rigakafin ba, ko ba a da tabbas, akan haɗa masa da wata allura mai suna ATS ko makamanciyarta, wadda ke ba da kariya nan take kafin jiki ya gina tasa. In ba a yi ba, ku koma gobe, bai ɓaci ba. Alamun cutar sukan fito tsakanin kwana 3 zuwa 21: muƙamuƙi ya riƙe, wuya ya sandare, haɗiya ta gagara. Wannan ko tsakar dare ne a tafi babban asibiti irin Barau Dikko.

Ƙwai da gyaɗa kuwa a ba shi ya ci. Mugunya daga ƙwayoyin cuta take, ba daga tukunya ba, kuma naman da jiki ke saƙawa da irin waɗannan abincin ake yin sa: ƙwai, wake, kifi, nama, gyaɗa, nono, awara. A haɗa masa da lemo ko gwaba ko kwaɗon zogale. Ki yi wa Hajiya bayanin cikin ladabi, ki ce asibiti ne suka ce, mun ɗauki laifin. Masu ciwon suga, masu sikila, masu shan taba, da masu shafa man bilicin da ke sirantar da fata, su ne waɗanda ɗinkinsu ke jinkiri, kuma ya kamata su faɗa wa likita tun kafin a ɗinka.

Lokacin cire zare ya danganta da wurin. Fuska tana da jini sosai, kwana 5 ya isa. Fatar kai da hannu kwana 7 zuwa 10. Ƙafa da baya kwana 10 zuwa 14, kan gaɓa kuwa irin gwiwa da gwiwar hannu sai an cika 14. Na ɗanki yana kusa da gwiwa, don haka ki sa ran mako biyu, amma ranar da wanda ya ɗinka ya rubuta ita ce abin bi. Ki kuma tambaya wane irin zare ne. Nailan da siliki, masu launin baƙi ko shuɗi da ƙulli a waje, sai an cire. Akwai masu narkewa da kansu, irin Vicryl da ke ɓacewa cikin kamar wata biyu, da wani tsohon iri da ake yi da hanjin tumaki ko shanu, waɗannan an fi sa su a ciki ko a baki ko bayan haihuwa.

Kada ki cire da kanki. Ba wai yankan ne ke da wuya ba. Ana ɗaga ƙullin ne a yanka gefe ɗaya daf da fata, don kada ɓangaren zaren da ya yi mako biyu a waje yana kwasar datti ya bi ta cikin nama in an ja. Reza da abin yankan farce sukan yanka gefe biyu, guntu ya maƙale a ciki ya zama ƙurji bayan wata guda. Sannan mai cirewa yana duba ko bakin ya kama, in bai gamsu ba ya cire ɗaya ya bar ɗaya, ya ce a dawo bayan kwana biyu ko uku. Aikin minti biyar ne, ya fi kyau a yi inda aka ɗinka, in ba hali ga asibitin Yusuf Ɗantsoho nan kusa da ku a Tudun Wada, ko ƙaramin asibitin unguwa. Kada kuma a wuce lokaci, domin zaren da ya daɗe yana barin ɗige-ɗige gefe da gefen tabon. Bayan an cire wurin zai yi ƙaiƙayi, ki yanke masa farce. In ya rufe sarai a riƙa murza shi a hankali da baselin ko man kaɗanya. Tabo yakan ɗauki shekara guda ko fiye yana laushi yana dishewa. In kin ga yana tasowa yana tudu har ya wuce iyakar yankan, musamman in akwai masu irinsa a dangi, a nuna wa likita da wuri, don allurar da ake yi a cikin tabon ta fi aiki tun yana ƙarami, yanke shi kawai kuwa yakan sa ya dawo.

Yanzu kyanwa. Fatarta irin matakan nan take bi wajen warkewa, bambancin shi ne ba za ki iya ce mata ta bari ba. Maganar da ake yi cewa yawun kare da na kyanwa magani ne ba ta da tushe. Bakinsu cike yake da ƙwayoyin cuta, harshen kyanwa kuma yana da ƙananan ƙayoyi masu kaushi, da su da haƙora za ta iya kwance ɗinkin nan a dare ɗaya. Maganin lasa shi ne abin wuyan nan mai siffar mazurari da likitocin dabbobi ke sayarwa. In ba ki samu ba, ki yanka shi daga kwali mai kauri ko tsohuwar takardar hoton ƙashi, ki liƙe bakinsa da filasta don kada ya yanke ta. Tsawonsa ya ɗan wuce ƙarshen hancinta, a wuya kuma ki bar sararin da yatsa biyu za su shiga. Ranar farko za ta yi ta tafiya da baya tana karo da bango, tana kallonki kamar kin zalunce ta. Ki daure, dare da rana za ta sa shi har a cire zare, wato kwana 10 zuwa 14. Ki sa mata abinci a faranti mai faɗi ki ɗan ɗaga shi. Tunda ciwon a gefen ciki yake, singiletin jariri ko babbar safa da aka huda wa ƙafafu ma tana aiki, muddin a bushe take kuma ana canzawa.

Dalilin hana farasitamol shi ne hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi yadda tamu ke yi. Yana lalata jininta har ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya yi wuya, kuma ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta. Akwai makarinsa, amma sai an kai ta da wuri. Ibuprofen da diclofenac su ma suna huda ciki su lalata ƙodar kare da kyanwa. Likitan dabbobi yana da nasa maganin zafi da yake aunawa da nauyin dabbar, shi za ki tambaya. Wannan gazawar hantar ce kuma ta sa Dettol da Izal suke guba gare ta, ko ɗakin da aka goge da su ta taka yana da danshi za ta lashe a ƙafa. Ruwan gishirin nan da kika haɗa wa yaron shi kaɗai za ki sa mata, da goz daban, kuma kada ki shafa mata wani mai sai wanda likitanta ya ba ki.

Ki kulle ta a ɗaki ɗaya, ban da hawa katanga, ban da wanka. Maimakon yashi, ki yayyaga mata tsohuwar jarida a kwali ta riƙa biyan bukata, don yashi yana mannewa a ɗinki. Ƙuda shi ne babban abokin gabar dabba mai rauni, ƙwansa yana zama tsutsa cikin yini guda, don haka ki duba wurin safe da yamma. In kin ga tsutsa kada ki bi shawarar masu cewa a ɗiga fiya-fiya, fata tana tsotse shi ya kashe dabbar. Kyanwa tana ɓoye ciwo: in ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa, ko ta wuce yini ɗaya ba ta ci ba, ko kumburi ya taso a ƙarƙashin ɗinkin, ki mayar da ita. In wurin ya buɗe har ana ganin ciki, ki rufe da tsumma mai tsafta da aka jiƙa da ruwan gishirin ki tafi nan take. Abin da ya fi ƙarfin likitan cikin gari akan tura shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Masu rago da akuya da doki su kuma su sani, waɗannan sun fi kare da kyanwa saurin kamuwa da tetanus nesa ba kusa ba, doki ma ya fi kowa, don haka raunin su ba na baƙin mai ba ne.

In za ki duba ta ko ki sa mata abin wuyan, ki naɗe ta da tawul ki bar wurin ciwon kawai a waje, wani babba ya riƙe miki, ba yara ba. Dabba mai jin zafi tana cizon mai ita. In ta cije ki ko ta yakushe ki har jini ya fito, ki wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, sannan ki je asibiti a ranar. Haƙorin kyanwa siriri ne, yana shiga da zurfi, bakin ramin ya rufe, kuma cizonta a hannu yakan kumbura cikin awa 12 zuwa 24. Irin wannan ba a cika ɗinke shi ba, a buɗe ake barinsa a ba da magani. Ki tafi da katin rigakafinta in tana da shi, domin da shi za a duba ko kina bukatar allurar ciwon haukan kare, wadda ake farawa a ranar, a maimaita a rana ta 3 da ta 7, sauran kuma yadda asibitin ya tsara miki.